Daga Kozaljiya Zuwa CRPS: Tarihin Ciwon da Ya Fi Rauninsa Girma

A shekarar 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, babban likitan rundunar gwamnatin tarayya, William Hammond, ya ba da umarnin a keɓe wani asibiti a birnin Filadelfiya domin sojojin da harsashi ya lalata musu jijiyoyi. An fara buɗe shi a wani ƙaramin gini, da wurin ya yi wa majinyata kaɗan aka mayar da shi wani fili da ake kira Turner's Lane. Likitoci uku ne suka riƙe aikin: Silas Weir Mitchell da George Morehouse da William Keen. Da rana suna duba marasa lafiya, da dare suna zama su rubuta abin da suka gani.

Harsashin wancan yaƙi na dalma ne mai nauyi, idan ya shiga jiki yakan baje, ya farfasa ƙashi, ya yayyaga nama. Sojoji da dama an yanke musu hannu ko ƙafa. Amma akwai wani rukuni da ya fi ɗaure wa likitocin kai. Raunukansu sun rufe, ƙashi ya haɗe, sai dai tafin hannu ko bayan ƙafa na yi musu ƙuna kamar an ɗora garwashi. Fatar wurin takan yi ja, ta yi sumul tana sheƙi, farce ya lanƙwashe, gumi ya riƙa tsattsafowa ta gefe guda. Abin da bai kai ya dami kowa ba shi ke tayar musu da ciwon: ƙarar buɗe jarida, iskar da ta shigo ta taga, takun wani a ɗakin jinya, ko kiɗan badujala daga nesa. Da yawansu sun gano cewa danshi na ɗan kawo sauƙi, saboda haka suke yawo da kwalbar ruwa da soso, suna naɗe hannu da jiƙaƙƙen tsumma, wasu har suna zuba ruwa cikin takalmansu. Sojan da aka sani da jarumta a fagen fama sai ya koma mai saurin fushi, yana tafiya a hankali, yana tallafe da hannunsa, yana hararar duk wanda ya matso kusa.

A 1864 likitocin uku suka fitar da ɗan littafi kan raunukan harsashi da sauran raunukan jijiyoyi, inda suka bayyana wannan yanayi dalla-dalla. Bayan 'yan shekaru Mitchell ya ba shi suna kozaljiya, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar zafin wuta da ciwo. Wannan shi ne suna na farko da ya zauna. Bayansa an yi wasu da dama, kuma kowane suna na ɗauke da hasashen mutanen zamaninsa game da musabbabin ciwon. Hasashen ne ke yanke irin maganin da za a yi wa majinyaci, shi ne kuma ke yanke ko za a gaskata shi.

Abin da aka gani kafin a sa suna

A Hausa kalmar jijiya ta haɗa abubuwa da yawa: hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Wannan na ƙarshe, jijiyar saƙo, shi ne abin nufi a mafi yawan wannan tarihi.

Tun kafin Mitchell an ci karo da ciwon. A ƙarni na 16, Ambroise Paré, wanzamin da ya zama babban likitan tiyata na sarakunan Faransa, ya ba da labarin Sarki Charles na Tara. An tsaga wa sarkin hannu domin a fitar da jini, kamar yadda ake magani a lokacin, sai aska ta taɓa jijiya. Hannun ya ƙage, ciwo ya ƙi tafiya har tsawon watanni, kafin daga baya ya warware. A 1813 kuma wani likitan Ingila, Alexander Denmark, ya rubuta labarin sojan da aka harba a hannu lokacin da aka afka wa garin Badajoz na Sifaniya a 1812. Raunin ya warke da wuri, amma ƙunar ta tsananta har gumi na zuba daga fuskarsa. Ƙarshenta yanke hannun aka yi.

Abin da ya bambanta aikin Turner's Lane shi ne yawan majinyatan da aka tara wuri guda, da kuma haƙurin sauraronsu. Mitchell ba shi da na'urar da za ta nuna masa cikin jiki. Idonsa da kunnensa da alƙalaminsa su ne kayan aikinsa, sai allurar mofin, wadda a lokacin sabuwa ce, aka riƙa yi wa sojojin ita dubbai a shekara. Shi ne kuma ya raɗa wa wani abin al'ajabin suna a 1871, wato yadda wanda aka yanke wa gaɓa ke ci gaba da jin ta kamar tana nan. Shekaru talatin bayan yaƙin, ɗansa John Kearsley Mitchell ya bi sawun tsofaffin sojojin, ya wallafa sakamakon a 1895, ya tarar wasunsu har lokacin suna fama.

Duk da haka kozaljiya ta zauna a zukatan likitoci a matsayin ciwon fagen yaƙi. Akwai harsashi, akwai jijiyar da ta lalace, akwai tabo. Ba wanda zai ce sojan ƙarya yake yi.

Hoton ƙashi da tambayar diyya

A ƙarshen 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi. Shekara biyar bayan haka, a 1900, wani likitan tiyata na birnin Hambag a Jamus, Paul Sudeck, ya gabatar wa takwarorinsa abin da sabuwar na'urar ta nuna masa. Wasu majinyata da suka samu karaya ko targaɗe ko kumburin gaɓa, ƙasusuwan hannunsu ko ƙafarsu na yin dabbare-dabbare a hoto cikin 'yan makonni, alamar ƙashin na zaizayewa da saurin da rashin motsi kaɗai ba zai bayyana ba. Tare da haka akwai ciwo da kumburi da sauyin launin fata. Sudeck ya ɗauka kumburin da jiki ke yi domin warkar da rauni ne ya wuce gona da iri. Aka riƙa kiran yanayin da sunansa, har yau ma a ƙasashen da ke magana da Jamusanci sunan bai ɓace ba.

Binciken Sudeck ya fitar da ciwon daga barikin soja ya shigo da shi cikin gari. Majinyatansa ma'aikata ne da matan gida da tsofaffi, waɗanda ba harsashin da ya taɓa su, ba kuma wata babbar jijiya da za a nuna a ce ga inda ta tsinke. Nan ne matsalar gaskatawa ta kunno kai. Tun 1884 Jamus ta kafa dokar inshorar haɗarin wurin aiki a ƙarƙashin Bismarck, kuma likitoci ne ke tantance wanda ya cancanci diyya. An daɗe ana muhawara a ƙasar kan ko begen samun fansho na sa ma'aikaci ya ƙi warkewa. A irin wannan yanayi, leburan da ya ce hannunsa na ci da wuta wata shida bayan ƙaramar karaya ya zama abin zargi. Daga baya har aka ƙirƙiro ra'ayin cewa akwai wani nau'in hali da ke jawo ciwon, wai masu fargaba da raunin zuciya ne ke kamuwa da shi. Wannan ra'ayi ya yi shekaru da dama a littattafan koyar da likitanci.

Zamanin wuƙa

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sake cika asibitoci da masu raunin jijiya. Wani likitan Faransa, René Leriche, ya lura cewa gaɓar mai kozaljiya na kama da gaɓar da jini bai isa ba: takan yi sanyi, ta yi shuɗi-shuɗi, ta yi gumi. Jiki na da wani rukunin jijiyoyin saƙo da ke aiki ba da umarnin mutum ba, su ke tsuke hanyoyin jini, su buɗe ƙofofin gumi, su ƙara bugun zuciya idan an firgita. Likitoci na kiran su jijiyoyin simfatetik. Leriche ya yi hasashen cewa su ne suka fusata. A 1916 ya ba da rahoton tiyatar da ya yi wa wani soja, inda ya feƙe bayan babbar hanyar jinin hannunsa domin ya cire zaren waɗannan jijiyoyi da ke manne da ita, ciwon kuma ya ragu.

Daga nan aka buɗe babin da ya ɗauki kusan shekara 70. Aka riƙa yin allurar kashe zafi a kan ƙullin waɗannan jijiyoyi a wuya ko a kusa da ƙashin baya, idan an ga sauƙi sai a yanke su gaba ɗaya. A 1946 James Evans, likita a birnin Boston na Amurka, ya ba yanayin sabon suna wanda aka taƙaita da haruffan RSD. Sunan na cewa abubuwa uku: akwai wani saƙo da ke kewayawa tsakanin rauni da laka ba ya tsayawa, jijiyoyin simfatetik ne ke ɗauke da shi, ƙarshensa kuma tsoka da ƙashi su ƙanƙance. John Bonica, wanda ake ɗauka a matsayin uban fannin kula da ciwo na zamani, ya yaɗa sunan a babban littafinsa na 1953, ya kuma raba ciwon mataki uku: na zafi da kumburi, na sanyi, da na ƙanƙancewa. A 1974 aka ƙaro wata dabara a Ingila, ta ɗaure hannu a ɗura masa maganin da ke kashe aikin waɗannan jijiyoyi.

Illar sunan ita ce ya mayar da hasashe hukunci. Idan an yi wa majinyaci allurar ya ji sauƙi, an tabbatar yana da RSD. Idan bai ji ba, sai a ce ba shi da shi, ko a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ba a cika tambayar ko sauƙin daga maganin yake ba ko daga sa rai, domin ba a gwada shi da allurar da ba magani a cikinta. Wasu da aka yanke wa jijiyoyin sun tashi da sabon ciwo a kafaɗa ko cinya, wasu da gumi mai yawa a wasu sassan jiki.

Da aka fara awo na tsanaki daga ƙarshen shekarun 1980, ginin ya soma tsagewa. An auna sinadarin da waɗannan jijiyoyi ke fitarwa a jinin gaɓar da ke ciwo, aka tarar bai fi na lafiyayyar gaɓa ba, sau da yawa ma ƙasa yake. A 1993 Peter Veldman da abokan aikinsa a birnin Nijmegen na ƙasar Holan suka wallafa nazarin majinyata 829, suka nuna cewa alamun farkon ciwon sun fi kama da kumburin da ya wuce kima, wato abin da Sudeck ya faɗa tun 1900. A 1995 masu bincike a Oxford suka gwada dabarar ɗaure hannu da ɗura magani, suka kwatanta ta da ruwan gishiri, ba su ga bambanci ba. Daga baya nazari ya nuna cewa matakai ukun nan ma ba kowa ke bin su bi da bi ba: wani ciwonsa da sanyi yake farawa, wani kuma yakan yi shekaru gaɓar na da ɗumi.

Sunan da bai yi alƙawarin komai ba

A 1993 ƙwararru suka taru a Orlando ta jihar Fulorida domin warware ruɗanin sunaye, a 1994 kuma Ƙungiyar Nazarin Ciwo ta Duniya ta amince da abin da suka cim ma. Sabon sunan shi ne CRPS, taƙaitaccen jimlar da ke nufin tarin alamun ciwo mai sarƙaƙiya da ke kama yanki guda na jiki. An ce yanki ne domin ciwon ba ya bin hanyar jijiya guda, yakan mamaye hannu kamar safar hannu, ko ƙafa kamar safa. Aka raba shi biyu. Nau'i na ɗaya shi ne tsohon RSD, inda ba a ga raunin babbar jijiya ba. Nau'i na biyu shi ne kozaljiyar Mitchell, inda raunin jijiyar ya tabbata. Da gangan aka zaɓi sunan da ke siffanta abin da ake gani ba tare da ya ambaci musabbabi ba.

Ƙa'idojin Orlando sun yi sako-sako, har ana saka masu wasu cututtukan a ciki. Saboda haka aka sake zama a birnin Budafes na ƙasar Hangari a 2003, aka fitar da ma'aunin da ake amfani da shi yanzu. Dole ciwon ya kasance mai ɗorewa, ya kuma zarce abin da raunin farko zai iya haifarwa. Sannan aka kasa alamun gida huɗu. Na farko, sauyin ji: taɓawa mai sauƙi, kamar gogar riga ko zanin gado, ta zama azaba. Na biyu, sauyin gudanar jini: gaɓar ta fi 'yar'uwarta zafi ko sanyi, ko launinta ya sauya. Na uku, kumburi ko sauyin gumi. Na huɗu, matsalar motsi da sauyin girma: rauni, karkarwa, ƙagewar yatsu, ko gashi da farce su riƙa tsiro da sauri ko su daina. Ana buƙatar majinyaci ya ba da labarin alamu daga gida uku aƙalla, likita ya gani da idonsa a gida biyu aƙalla, kuma babu wata cuta da ta fi dacewa da bayanin. Har yau babu gwajin jini ko hoto guda da ke tabbatar da CRPS. Shekara 160 bayan Turner's Lane, gano shi ya dogara ne ga ido da hannu da sauraro.

Tsayayyen suna ya ba da damar ƙidaya. Wani nazari a gundumar Olmsted ta jihar Minnesota a Amurka, wanda aka wallafa a 2003, ya sami kimanin mutum 5 cikin 100,000 a shekara. Wani mafi girma a Holan a 2007 ya sami kimanin 26 cikin 100,000. Duka biyun sun nuna mata sun ninka maza sau uku zuwa huɗu, kuma karaya ce kan gaba wajen tayar da ciwon, fiye da kashi 40 cikin 100. A Holan matan da ke tsakanin shekara 61 zuwa 70 ne suka fi kamuwa. Ciwon da aka fara sani a jikin matasan sojoji, ashe ya fi yawa a wuyan hannun dattijuwar da ta zame ta dafa ƙasa. Bayan karaya akwai targaɗe, da tiyata, da ƙananan raunuka, wani lokaci kuma yakan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ake ganin yana haddasa shi

Fahimtar yau ita ce abubuwa da dama ne ke haɗuwa, kuma nauyin kowanne na bambanta daga mutum zuwa mutum, da kuma daga farkon ciwon zuwa tsufansa.

Na farko shi ne kumburi. Ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo ba kai rahoto kaɗai suke yi ba, suna kuma fitar da sinadarai a cikin fata waɗanda ke buɗe hanyoyin jini su sa ruwa ya tsattsafo cikin nama. A mai CRPS wannan martani na yin ƙarfi ya ƙi lafawa. A 2002 masu bincike a Rotterdam suka auna ruwan fatar gaɓar da ke ciwo, suka tarar da sinadaran kumburi fiye da na ɗaya gaɓar. Wannan ne ke bayyana ja da ɗumi da kumburin makonnin farko, da kuma tsiron gashi da zaizayar ƙashi.

Na biyu shi ne raunin da ido ba ya gani. A 2006 Anne Louise Oaklander da abokan aikinta a Boston suka duba 'yan gutsattsarin fata ta madubin likita, suka tarar cewa ƙananan zaren jijiyoyi sun ragu a wurin da ke ciwo, har a majinyatan nau'i na ɗaya da aka ce jijiyarsu lafiya lau take. Wannan ya rage tazarar da ke tsakanin nau'o'in biyu.

Na uku shi ne rashin motsi. A 2008 masu bincike a Denmak suka sa wa mutane masu cikakkiyar lafiya siminti a hannu na mako huɗu ba tare da wata karaya ba. Da aka cire, an sami sauyin ɗumin fata da ƙarin jin zafin sanyi da na matsi. Ɗaure gaɓa kaɗai na iya haifar da wasu daga cikin alamun, ko da yake a masu lafiya sukan gushe.

Na huɗu shi ne garkuwar jiki. A 2014 ƙungiyar Andreas Goebel ta Liverpool tare da masu bincike a Hangari suka ɗebi sinadaran garkuwa daga jinin masu daɗaɗɗen CRPS suka ɗura wa ɓeraye da aka yi wa ƙaramin yanka a ƙafa. Ƙafar da aka yanka ta ƙara kumbura ta ƙara jin zafi, sauran ƙafafun kuwa ba abin da ya same su. Ɓera ba ya neman diyya, ba ya kuma da labarin abin da ake sa ran zai ji. Sai dai gano hanya daban, samun magani daban: babban gwajin da aka yi a Birtaniya na ɗura wa majinyata sinadaran garkuwa na masu lafiya, wanda aka wallafa a 2017, bai nuna amfani ba.

Jijiyoyin simfatetik ma ba a wanke su sarai ba. A wasu majinyata hanyoyin jini da jijiyoyin ciwo na zama masu saurin amsa saƙonsu, ko da saƙon bai ƙaru ba. Leriche ya ga wani yanki na gaskiya, kuskuren shi ne ɗaukar yankin a matsayin duka. Batun hali kuwa, nazarin da ya bi masu sabuwar karaya tun daga ranar farko, irin wanda aka wallafa daga Holan a 2011, bai sami shaidar cewa fargaba ko baƙin ciki na hasashen wanda zai kamu ba. Damuwar da ake gani a majinyata galibi ciwon ne ke haifar da ita, kamar yadda Mitchell ya lura a jikin sojojinsa.

Lokacin da hannu ya zama baƙo

Alamun da suka fi ban mamaki su ne waɗanda suka shafi yadda mutum ke jin gaɓarsa. A 1995 Bradley Galer da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana majinyatan da ke cewa hannun kamar ba nasu ba ne, kuma sai sun zuba masa ido sun tattara hankali kafin ya motsa. Bincike a birnin Bath na Ingila ya nuna da yawa na jin gaɓar ta fi girmanta na zahiri, wasu idan sun rufe ido ba sa iya kwatanta siffarta, wasu na ƙyamarta har suna roƙon a yanke. Idan aka taɓa yatsa guda ba su gani ba, wasu kan kasa faɗin wanne aka taɓa. A wasu ciwon kan bazu zuwa ɗaya hannun ko ƙafar ba tare da sabon rauni ba.

Ƙwaƙwalwa na riƙe da taswirar jiki, ita ce ke sa mutum ya san inda ƙafarsa take cikin duhu. Alamun nan na nuna cewa a CRPS hulɗar ƙwaƙwalwa da gaɓar ta rikice. A 2008 Lorimer Moseley da abokan aikinsa suka sa masu daɗaɗɗen ciwon hannu su motsa shi suna kallonsa ta gilashin da ke ƙara girman abu, sai ciwo da kumburi suka ƙaru. Da aka juya gilashin ya ƙanƙanta hannun, suka ragu. Kumburi abu ne da ake aunawa da ma'auni, ga shi abin da ido ya gani ya sauya shi.

Daga wannan fahimta aka samo magungunan da ba allura ba wuƙa. A shekarun 1990 V. S. Ramachandran ya yi amfani da madubi ga waɗanda aka yanke wa hannu. A 2003 Candida McCabe da abokan aikinta a Bath suka gwada shi ga masu CRPS: a ɓoye hannun da ke ciwo a bayan madubi, majinyaci ya kalli hoton lafiyayyen yana motsi, ƙwaƙwalwa ta ga hannu biyu na aiki ba ciwo. Ya fi amfani ga waɗanda ciwonsu bai daɗe ba. A 2004 Moseley ya tsara horo mataki-mataki, daga tantance hoton hannun dama da na hagu, zuwa ƙiyasta motsi a zuci, sannan madubi. Yanke gaɓa kuwa, wanda tun zamanin Denmark ake komawa gare shi idan an rasa dabara, ya kan bar ciwon a dungulmin da ya rage, shi ya sa ba a yin sa sai bisa larura mai ƙarfi.

Abin da tarihin ya bari

A yau ginshiƙin jinya shi ne mayar da gaɓar bakin aiki a hankali a hannun masu gashin ƙashi, tare da rage ciwo gwargwadon da zai bari a motsa. A farkon ciwon ana amfani da magungunan kashe kumburi masu ƙarfi, da kuma magungunan da ke hana zaizayar ƙashi, waɗanda gwaji a Italiya a 2013 ya nuna amfaninsu. Ga waɗanda ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai na'urar da ake dasawa kusa da laka tana aika ƙaramin lantarki. Mafi yawan majinyata na samun sauƙi sosai cikin shekarar farko, wasu 'yan kaɗan kuma ciwon kan zauna musu shekaru ya raba su da sana'arsu.

Saboda haka lokaci na da muhimmanci. Wani nazari da aka wallafa a 2014 ya bi mutum 1,549 da suka karye a wuyan hannu, kusan 4 cikin 100 suka kamu da CRPS cikin wata huɗu, kuma babbar alamar gargaɗi ita ce tsananin ciwo a makon farko. Wannan darasi ya shafi duk inda ake karaya, har da garuruwan da haɗarin babur ya zama ruwan dare, inda mai karaya kan zaɓi tsakanin simintin asibiti da karan mai ɗori. Ko wanne aka bi, ɗaurin da ya matse, ko ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, abu ne da ke buƙatar a sake dubawa nan take, domin matsewar na iya toshe jini ta kashe gaɓar, wanda shi ma haɗari ne na daban. Idan kuma an kwance ɗauri, ƙashi ya haɗe, amma hannun na ƙuna, yana sauya launi, ya fi ɗan'uwansa sanyi ko zafi, mai shi na cewa kamar ba nasa ba, ba wuya dangi su fassara abin da sammu ko shafar iska, ma'aikacin asibiti kuma ya kira shi raki. Duka fassarorin biyu na cinye watannin da jinya ta fi tasiri a cikinsu.

A kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a watan Janairun 2022, an sanya CRPS cikin rukunin ciwo mai ɗorewa wanda shi kansa cuta ne, ba sai an jingina shi ga wata cutar ba. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aunin Budafes ya mayar da wannan ƙa'idar aiki: cikin sharuɗɗa huɗu na gano ciwon, biyu na farko sun rataya ne a kan abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa.